Baƙo Raɓa Ne

A cikin watan Yuli na bara na raka wani baƙon ofishinmu filin jirgin sama na Abuja. Jirginsa bai tashi a kan lokaci ba, saboda haka muka nemi wuri muka zauna. Muna nan zaune sai ga wani ayari na samari da 'yan mata Turawa, su wajen goma sha biyar, dukansu sanye da riguna iri ɗaya, rana ta gasa musu fuska har ta yi jawur. Da yake ɗan jarida ba ya iya kame bakinsa, sai na gai da wata yarinya da ta zauna kusa da ni, na tambaye ta daga ina, zuwa ina. Ta ce su ɗalibai ne na wata kwalejin Kirista a Amurka, sun yi mako biyu a wani ƙauye na Jihar Filato, sun yi wa makaranta fenti, sun taya aiki a ɗakin shan magani, sun yi wasa da marayu, yanzu kuma gida za su koma. Cocinsu ne ya tara musu kuɗin tafiya. Da na tambaye ta abin da ta ƙaru da shi, sai idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce ba ta taɓa zaton akwai masu talauci haka a duniya ba, ga su kuma kullum cikin fara'a.

Ban ba ta amsa ba, domin maganarta ta riga ta ɗauke ni daga Abuja ta mai da ni wani ɗan ƙauye na Ƙaramar Hukumar Karasuwa, arewa da hanyar da ta tashi daga Nguru ta bi ta Jajimaji zuwa Gashuwa. A can aka haife ni, a can kuma na fara ganin irin waɗannan baƙi. Amma kafin in ba da labarin namu, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan al'ada ba yau ta fara ba.

A shekarar 1958 wani limamin Kirista baƙar fata daga unguwar Harlem ta birnin New York, mai suna James Robinson, ya kafa wata ƙungiya da ake kira Operation Crossroads Africa. Aikinta shi ne ta kwaso ɗaliban Amurka a lokacin dogon hutunsu, ta kawo su Afirka su yi 'yan makonni suna gina makarantu da ɗakunan shan magani, kafaɗa da kafaɗa da ɗaliban ƙasar da suka sauka. Shugaba Kennedy da kansa ya amsa cewa daga wannan ƙungiya aka samo tunanin Peace Corps, wadda gwamnatinsa ta kafa a 1961. Tun daga nan abin ya yi ta bunƙasa, har wani masanin zaman jama'a na Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta a littafinsa na 2009 cewa Amurkawa kimanin miliyan 1.6 ne suke yin irin wannan gajeriyar tafiya ta coci zuwa ƙasashen waje kowace shekara. Watau dai yarinyar nan da na gani ɗigo ɗaya ce a cikin kogi.

To, namu baƙin ba Turawa ba ne. 'Yan Nijeriya ne daga Kudu, waɗansu ɗalibai, waɗansu masu hidimar ƙasa, dukansu 'yan wata ƙungiyar Kirista. Amma a wurinsu zuwa garinmu daidai yake da ƙetare teku, gama ba su jin Hausa, balle Barbarci, ba su taɓa cin burabusko ba, ba su kuma taɓa ganin ƙasar da rairayi ke cinye tayar mota ba. Sun zo a watan Agusta na 2003, ina da shekara goma sha uku, ina hutun makaranta. Wata farar bas ce ta sauke su da hantsi a gindin tsamiyar makarantar firamare, bayan sun riga sun nemi izinin Bulama. Suka shimfiɗa tebur, suka jera kwalayen magani, da dilar gwanjo, da injin aski, da kuma 'ya'yan itacen darbejiya a cikin baƙar leda.

Abin da suka fara tararwa shi ne gari wayam. Ba su san cewa hutunsu ya faɗo a tsakiyar damina ba, lokacin da duk mai ƙarfi yake gona yana maimai, rumbu kuwa ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Sai tsofaffi da yara da mata masu goyo suka samu. Da yake ni ne ɗan sakandaren da ke kusa, Bulama ya aiko aka kira ni in yi tafinta da ɗan Turancin da nake da shi. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana zaune a zaure yana tufkar igiya, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, yau ranarka ce. Je ka, amma abin da suka faɗa shi za ka faɗa, kada ka ƙara gishiri."

Ba zan ɓoye ba, an yi ƙus-ƙus a gari. Waɗansu suka ce maganin tarko ne, addini suka zo sauya mana. Su ma baƙin ba su ɓoye ba cewa wa'azi yana cikin abin da ya kawo su, da yamma kuwa sun yi waƙoƙinsu, sun yi addu'o'insu. Da maganar ta kai kunnen kakana, wanda almajiri ne da ya yi gabas shekara da shekaru, sai ya ce, "Wanda ƙwayar magani za ta raba shi da addininsa, dama can ba a hannunsa yake ba. Baƙo dai baƙo ne, haƙƙinsa yana kanmu." Ya sa aka dama fura ƙwarya biyu, aka kama zakara, aka kai musu. A wannan watan kuwa gidanmu sau biyu ake ɗora tukunya a yini. Baƙin suka sha, suka yi godiya, ba kuma wanda ya gaya musu abin da wannan zakara ya ci wa gidan.

A cikin kwana ukun da suka yi, abubuwa uku sun faru waɗanda har gobe ba zan manta da su ba.

Na farko ya shafi ƙanwata, wadda a lokacin shekararta huɗu. Ta yi kwana biyar tana zazzaɓi, ana ba ta jiƙo, ana cewa shawara ce. Inna ta goyo ta zuwa gindin tsamiya don a ba ta ko ƙwaya biyu. A cikin baƙin akwai wani dogon saurayi mai karatun likita. Ya ja fatar idonta ƙasa, ya buɗe tafin hannunta, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce mini, "Gaya wa Mama wannan ba ciwon ƙwaya ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ya shanye mata jini. In ba a kai ta asibiti yau ba, ina jin tsoro." Na faɗa kamar yadda ya faɗa, ban ƙara gishiri ba. Baba yana gona, aka aika aka kira shi. Kafin la'asar an sauke kwalaye daga bas, an ɗauki Baba da Inna da yarinya da ni zuwa asibitin Nguru. Aka ce sai an ƙara mata jini. Aka gwada na Baba, bai dace ba. Saurayin nan bai ce uffan ba, ya naɗe hannun rigarsa. Yau ƙanwata tana gidan mijinta a Gashuwa da 'ya'ya uku. Shi kuwa ko cikakken sunansa ban riƙe ba, ban san inda yake a duniya ba. Duk wanda zai yi maganar irin waɗannan ɗalibai da raini, to, ba a gabana ba, domin akwai bashin da ba a biya da kuɗi.

Na biyu kuwa ya sosa mana rai. Kashegari ƙanena ya dawo daga kai abinci gona, sanye da yagaggiyar rigar da ake shiga gona da ita, ƙafafunsa duk taɓo. Wata budurwa a cikin baƙin ta gan shi, ta tsai da shi a jikin dangar da ruwa ya kayar, ta ɗauke shi hoto, sa'an nan ta rungume shi tana kuka. Da labari ya isa gida, Inna ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ba za su tambaya ba? Ga rigarsa ta Salla a cikin adaka, da sun ce hoto za a yi, ai da na wanke shi na sa masa." Na san budurwar nan ba ta yi da mugun nufi ba, tausayi ne ya kama ta. Amma hoton ya tafi Kudu, wataƙila an nuna shi a gaban jama'a an ce ga yadda yaran Arewa suke. Ba ƙarya ba ne, muna da talauci. Sai dai hoton bai ɗauki rumbunmu ba, bai ɗauki allon yaron ba, bai ɗauki uwar da ta tashi tun asuba ta yi masa kunu ba.

Da na girma na shiga aikin jarida, sai na tarar an taɓa yin irin wannan a babban mataki. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa daga cikin rukunin farko na Peace Corps da aka kawo Nijeriya ta rubuta wa wani abokinta katin gaisuwa daga Ibadan, tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin bai kai ga gidan waya ba ya faɗa hannun ɗaliban jami'a. Suka buga shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, ala tilas yarinyar ta bar ƙasar. Shekara ɗaya ke nan da samun mulkin kai, mutane ba su shirya jin baƙo yana auna su da ido ɗaya ba. Haka kuma a watan Afrilu na 1968, wani limamin Katolika mai suna Ivan Illich ya tsaya gaban ɗaliban Amurka masu zuwa aikin taimako a ƙauyukan ƙasar Meziko, ya gaya musu cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Ya shawarce su su zo su gani, su koya, amma su daina ɗaukar kansu masu ceto a wurin mutanen da ko harshensu ba su ji. Maganar ta yi zafi, ni ma ban yarda da ita duka ba, saboda ƙanwata. Amma duk sa'ad da na tuna da rigar Salla a cikin adaka, sai in ga akwai gaskiya a cikinta.

Na uku shi ne itatuwa. Ranar da za su tafi, baƙin suka haƙa ramuka a filin makaranta, suka dasa darbejiyar nan da suka zo da ita, suka yi mana jawabi a kan gurgusowar hamada, ni kuwa ina fassarawa. Kakana ya zo ya tsaya riƙe da sandarsa yana kallo. Da suka gama ya ce in tambaye su wa zai yi musu shinge, wa kuma zai ba su ruwa idan rani ya yi. Shugabansu ya yi murmushi ya ce ai na gari ne, gari zai kula. Kakana bai ƙara magana ba. Bayan kaka aka saki dabbobi, kafin sanyi ya wuce awaki sun gama da su, ko ɗaya bai tsira ba. Alhali kuwa a gonar kakana akwai gawo da aduwa da kalgo waɗanda ba wanda ya dasa su. Da kansu suka tsiro, shi dai ya hana a sare su, yana rage musu rassa lokacin sassabe. Ya san gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da baƙin sun tambaye shi, da ya kai su gonar. Ba su tambaya ba, domin sun zo ne da niyyar koyarwa, lokacinsu kuma kaɗan ne.

Jama'a, ga abin mamaki. Wannan ilmi na kakana shi ne ya sa sunan wani Baturen Mishan ya zaga duniya. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zo Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar SIM. Shi ma da dashen itatuwa ya fara, galibinsu kuwa suna mutuwa, har ya kusa fid da rai. A 1983, wata rana ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa suna neman tohowa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kare su. Manoman Maraɗi suka sa wa abin suna sassaben zamani, suka gyara shi yadda ya dace da su, maƙwabci yana koya daga maƙwabci. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Amma a lura, mutumin nan ya zauna a Nijar daga 1981 har zuwa 1999, ya koyi Hausa, ya sha kunya a gaban manoma kafin idonsa ya buɗe. Shekara biyu ya yi kafin ya ga abin da ke gaban ƙafarsa. To, ina ga mai mako biyu?

Haka abin yake ga sauran ayyukan Mishan da suka yi ƙarko a ƙasar Hausa. Asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake aiki, asibitin Galmi a Nijar tun 1950. Mutanenmu Musulmi suna zuwa can ba tare da ɗar-ɗar ba, domin sun ga masu aikin sun zauna, sun ji harshe, sun tsufa a cikinmu. Ɗalibin da ya zo hutu ya shiga ƙarƙashin irin waɗannan, ya yi abin da aka sa shi, ya fi amfani nesa ba kusa ba bisa ga wanda ya zo da nasa tsarin a aljihu.

Dalili kuwa shi ne talaucin ƙasarmu ba na rashin riga ba ne, balle dilar gwanjo ta warkar da shi. Yana da saiwa mai zurfi. Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, garin ya zama babbar kasuwar gyaɗa da fatu da ƙaro, yau kuwa tashar ta yi tsit. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun karkashe dabbobi, sun tashi garuruwa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ambaliya take sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, wadda masunta da manoman shinkafa da makiyaya suke rayuwa a kanta. Daga baya ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe, tsuntsaye jan-baki suka sami maɓoya suna cinye amfanin gona. Daga arewa kuma, wajen Yusufari da Machina, tuddan rairayi suna matsowa. Ba abu ɗaya a cikin waɗannan da fenti ko hoto zai taɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gyaran wannan ɗaki aikin shekaru ne, na gwamnati da na masu gari.

Saboda haka ni a ganina, babban mai cin ribar irin wannan tafiya shi ne ɗalibin da ya yi ta, kuma wannan ba abin kunya ba ne muddin an faɗi gaskiya. Yarinyar nan ta Abuja ta koma gida da abin da ba a koya mata a aji ba. Idan ya sa ta zama likitar da za ta dawo ta zauna, ko ma'aikaciyar da za ta tuna da mu ranar da ake yanke shawara a kan bashi ko cinikin amfanin gona, to, kuɗin jirginta bai faɗi ƙasa banza ba. Idan kuwa abin da ta samu shi ne hotuna da jin daɗin cewa ita mai tausayi ce, to, gara da an aiko da kuɗin an haƙa rijiya.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A daren da na dawo daga filin jirgin nan na kasa barci, ina tambayar kaina: ni fa? Rabona da in yi mako biyu cur a garinmu tun rasuwar kakana. Da Salla nake zuwa, in yi kwana uku, in raba 'yan kuɗi da atamfa, in ɗauki hoton yara da wayata in sa a Facebook, in rubuta cewa ƙauye akwai daɗi, in shiga mota in dawo. Ban san ko famfon makaranta yana aiki ba. Ban san ko gawon kakana yana tsaye ba, ko an sayar wa masu gawayi. Ashe ni ma na zama baƙon kwana uku, har gara waɗancan, domin su sun bar jininsu a jikin ƙanwata. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 ma irin waɗannan baƙi suka ɗauke ƙafa daga yankinmu, ban kuwa ga mu 'yan ƙasa mun cike gurbin ba.

Ga shi yanzu muna da abin da ba mu da shi a 2003. Akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, akwai ta jiha a Damaturu, ga kwalejoji. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1954, ta saba tara matasa a lokacin hutu, haka ita ma ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS da ta fara a Arewa a 1957. Me zai hana 'ya'yanmu su ware mako biyu na hutunsu su shiga ƙauyukan Karasuwa da Bade da Nguru, Musulmi da Kirista tare? Ba su bukatar fasfo, ba su bukatar tafinta. Aikin gayya gadonmu ne, ba sai an koya mana shi daga Harlem ba. Sharaɗi dai su fara zama a zauren Bulama su saurara, su ji ta bakin mata, su zaɓi lokacin da ya dace da masu gari, su kama abu ɗaya ƙarami, su kuma dawo baɗi su ga yadda ya kasance. Mai karatun likita ya koya wa iyaye mata duba fatar idon yaro mai zazzaɓi. Mai karatun gona ya bi tsoho zuwa gonarsa da littafin rubutu a hannu. Kada kuma a ɗauki hoton ɗan kowa sai an tambayi uwarsa.

Ranar da bas ɗin baƙinmu ta tashi, na tsaya ina kallon ƙurarta har ta ɓace, raina duk ba daɗi. Kakana ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan boko, baƙo raɓa ne. Raɓa tana da amfani, takan raya tsiro ya kai gobe, a gode mata. Amma ba a taɓa cika rumbu da ita ba." Na ɗauki hutun ƙarshen shekara a ofis, kuma wannan karon ba Salla zan jira ba. Zan fara da zuwa gonar nan in ga ko gawon yana nan. Saurayin da ya ba ƙanwata jini kuwa, in Allah ya sa wannan takarda ta kai gare shi, ya sani gidanmu ba a manta ba. Allah ya saka masa da alheri, mu kuma ya ba mu ikon kula da namu, amin.